Baitulmalin En'e da Jayayyar Albashi a Zamanin Turawa

Tarihin Hukumar En'e a Arewacin Najeriya yakan zo mana ta bakin masu labarin sarakuna, shi ya sa aka fi jin zancen naɗi da tuɓewa. Amma wanda yake son ya gane yadda hukumar ta tsaya da ƙafafunta, baitulmali ya kamata ya duba, domin a takardar albashi ne ake ganin wanda yake da iko da wani. Tun daga ranar da aka kafa baitulmali har ranar da aka rushe En'e, tambayoyi biyu ne suka riƙa dawowa tsakanin larduna da gwamnatin tsakiya: wa yake da ikon ƙirƙiro muƙami ya ɗora mutum a kai, kuma daga aljihun wa za a biya shi. Ra'ayina shi ne 'yancin da aka ce baitulmali yana da shi na gaske ne a wajen tara kuɗi da gina ayyuka, amma a wajen muƙami da albashi aro ne, kuma wanda ya ba da aron bai taɓa sakin igiyar ba.

Kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, babu mai sarautar da yake jiran ƙarshen wata. Hakimi yana zaune a birni kusa da sarki, garuruwansa suna warwatse a ƙasa, jakadunsa ne suke fita su karɓo kuɗin ƙasa da jangali da zakka. Dagaci ya cire nasa, jakada ya cire nasa, hakimi ya cire nasa, abin da ya rage ya isa fada. Alƙali kuma yana da ushira da abin da aka saba ba shi. Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya tarar da wannan tsari, ga shi ba shi da isassun ma'aikata, ga baitulmalin Ingila yana cike masa giɓin kuɗi kowace shekara. Dokar haraji ta 1906 ta haɗa kuɗaɗen nan iri-iri wuri guda, aka tsayar cewa a manyan masarautu gwamnati ta ɗauki rabi, sarki da mutanensa su riƙe rabi. Sai dai rabin da aka bar wa sarki ba a rubuce yake ba. Shi yake raba shi yadda ya ga dama, wanda yake kusa ya samu da yawa, wanda ya yi nisa ya koma kan talakawa ya cike abin da ya rasa.

Daga nan aka samu baitulmali. Richmond Palmer, wanda yake aiki a Katsina a farkon sarautar Muhammadu Dikko, shi ne ya fara shawo kan sarki a zuba kason masarauta cikin asusu ɗaya, a sa ma'aji da malamai su riƙe littafi, a yanka wa kowa albashi har da sarkin kansa. Razdan Charles Temple ya yi irin haka a Kano a 1909, zamanin Sarki Abbas, kuma zuwa 1911, a lokacin Gwamna Hesketh Bell, tsarin ya zama abin da gwamnati ta amince da shi a masarautun Arewa. An yanka wa Sarkin Kano fam 4,800 a shekara, kuɗi mai yawa ƙwarai a wancan zamani. Amma abin lura shi ne sarkin da jiya dukiyar ƙasa take hannunsa yau ya zama layi na farko a takardar da Razdan zai sa wa hannu. Hakimai an riga an fitar da su daga birni zuwa gundumomi, an kori jakadu, kowane hakimi ya zama mai karɓar haraji da ake biya, wanda kuma za a iya tsayar wa da albashi idan kuɗinsa bai cika ba. Wanda yake shakkar cewa ikon naɗi ya bar fada, ya tuna abin da ya faru a Kano a 1908, lokacin da Razdan Cargill ya ɗaga Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya ba shi Waziri ba da son Abbas ba. Da Temple ya zo aka warware wannan, Malam Gidado ya zama Waziri. Naɗin da warwarewar duka daga hannun Razdan suka fito.

Rigima ta farko da gwamnatin tsakiya ta taso ne daga inda ba a zata ba, wato daga Lugard. Da ya dawo a 1912 don haɗa Kudu da Arewa, ya tarar da baitulmalin da aka kafa bayan tafiyarsa, bai kuwa ji daɗinsa ba. A ganinsa haraji na gwamnati ne, sarakuna wakilai ne kawai, saboda haka bai dace a ce wasu kuɗaɗe masu yawa suna ajiye a larduna, Razdan da sarki suna yanka albashi suna ƙirƙiro muƙamai, Gwamna bai da cikakken iko a kai ba. Ya nemi a shigar da kuɗin baitulmali cikin kasafin gwamnati, ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan ya ƙi. Temple, wanda ya zama mataimakin gwamna mai kula da Arewa daga 1914 zuwa 1917, shi ma yana ɓangaren masu son a bar baitulmali ya numfasa. Lugard bai samu abin da ya nema ba, amma ya riƙe wani abu da ya fi ƙarko, wato ikon duba kasafin kowace En'e layi-layi. Ba a ƙara wa akawu sule, ba a ɗauki sabon masinja ba, sai kasafi ya dawo da amincewa. Wannan ƙa'ida ba ta taɓa mutuwa ba. Abin da ya riƙa canzawa shi ne teburin da takardar take tsayawa, ko na Razdan, ko na Kaduna, ko na Ikko.

Shekarun 1920 su ne lokacin da baitulmali ya yi ƙiba. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, cinikin gyada ya buɗe, haraji ya koma na tsabar kuɗin Turawa, asusu ya cika. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 bai ba majalisar dokoki ta Ikko ikon yi wa Arewa doka ba, don haka kuɗin En'e ya zauna nesa da idon 'yan majalisa. Palmer da kansa ya zama mataimakin gwamna a Kaduna daga 1925 zuwa 1930, kuma a 1928 aka ɗaga kason manyan baitulmali zuwa kashi 70 cikin 100. Da wannan kuɗi En'e ta tashi daga hukumar sarki da alƙali da dogarai ta zama ƙaramar gwamnati mai sassa: 'yan doka, gandirobobi, malaman asibiti, duba-gari, malaman daji, malaman makaranta, leburorin hanya. Kano ta fi kowa nisa a zamanin Abdullahi Bayero, wanda hawansa a 1926 ya zo tare da kawar da manyan bayin sarki daga harkar mulki. En'en Kano tana da asibitinta a cikin birni, da ofishin safiyo, da maɗaba'a, ta kuma jawo ruwan famfo daga Challawa tare da wutar lantarki, aikin da aka buɗe a 1931. A nan jayayyar muƙami ta sake sabon salo. Irin waɗannan ayyuka suna bukatar injiniya da likita, su kuwa Turawa ne da ake aro daga ma'aikatun gwamnati, En'e tana mayar wa gwamnati kuɗin albashinsu. Razdan yana cewa tun da En'e ke biya, injiniyan ma'aikacinta ne, umarni daga sarki da Razdan zai fito. Shugabannin ma'aikatun ayyuka da lafiya a Ikko suna cewa mutuminsu ne, su suka ɗauke shi, su za su ƙara masa girma, su ne kuma za a tuhuma idan gada ta karye. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa maganar ta daɗe ba ta mutu ba.

Donald Cameron, wanda ya yi gwamna daga 1931 zuwa 1935, shi ya karya lagon Kaduna. Bai yarda a mayar da masarautu tamkar ƙasashe masu cin gashin kansu irin na sarakunan Indiya ba, ya ƙarfafa hannun shugabannin ma'aikatu a kan ayyukan fasaha na En'e, ya kawo sabuwar dokar En'e a 1933. Zuwansa ya dace da karyewar kasuwar duniya, farashin gyada ya faɗi, gwamnati ta shiga matsi, sai aka rage kason manyan baitulmali daga kashi 70 zuwa 60. Abin da aka bayar cikin shekarun yalwa an karɓe wani ɓangarensa da aka shiga tsanani, ba tare da wata masarauta tana da hanyar hanawa ba.

Akwai masu cewa duk wannan ba rigimar ƙasa da tsakiya ba ce, faɗa ne tsakanin Turawa biyu, na Kaduna da na Ikko, sarakuna kuwa suna ne kawai aka ara. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin wasiƙun da aka yi ta musaya Turawa ne suka rubuta su, kuma kishin da Razdan yake yi wa baitulmali kishin ikonsa ne. Amma ban yarda a tsaya nan ba. Kuɗin da aka hana Ikko ɗauka a Kano ya zauna, shi ya zama famfo da asibiti. Sarakuna irin Dikko da Abdullahi Bayero ba 'yan kallo ba ne, sun gane cewa kowane sabon sashe da aka buɗe yana nufin muƙamai, muƙamai kuma su ne hanyar riƙe dangi da barori da masu goyon baya, yanzu da babu garuruwan da za a raba. Ƙananan muƙaman En'e, daga malamin haraji zuwa ɗan doka, yawanci ta hannun fada da hakimai ake samunsu. Wato Turawa sun riƙe ikon cewa muƙami nawa za a yi da nawa za a biya, fada kuma ta riƙe ikon cewa ɗan wa zai shiga. Wannan rabon ne ya sa tsarin ya yi shekara sama da sittin.

Wasu kuma, musamman masu begen zamanin da, suna cewa En'e ita ce mulkin kai na gaskiya da muka taɓa samu, tana tara kuɗinta tana biyan ma'aikatanta ba ta jiran kowa. Amsar wannan tana wajen ma'aikatan kansu. Yaran da suka fito daga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, akasarinsu En'e ce ta ɗauke su, suka koyar a makarantun Midil. Sun ga cewa ma'aikacin gwamnati mai ilimi irin nasu yana da tsarin albashi da ƙarin girma a rubuce, su kuwa makomarsu tana rataye da ƙarfin baitulmalin garinsu da kuma fuskar da fada take yi musu. Malamin Kano da na wata ƙaramar masarauta aikinsu ɗaya, aljihun da ake biyansu ba ɗaya ba. Da yaƙin duniya na biyu ya kawo tsadar rayuwa, ma'aikatan gwamnati, musamman na jirgin ƙasa, suka yi yajin aiki na kwana 44 a 1945, aka kafa kwamitocin duba albashi, aka yi ƙari. Duk ƙarin da aka yi a Ikko sai ya zama nauyi a kan En'e, domin ma'aikatanta ba za su yi shiru ba, ita kuwa ba ta da inda za ta samo kuɗi sai harajin talaka, wanda ba a taɓa tambayarsa ba a duk tsawon jayayyar. Ba mamaki ba ne da ƙungiyar malaman makarantun Arewa da Aminu Kano ya taimaka aka kafa a 1948 ta zama ɗaya daga cikin wuraren da siyasar Arewa ta fara tsiro. Ba mamaki kuma da mutumin da ya tashi a majalisar Kaduna a watan Agusta 1950 ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kasance tsohon malamin Midil ta Bauci, wanda ya san albashin En'e daga ciki.

Gyaran kuɗi da ya biyo bayan rahoton Sydney Phillipson a ƙarshen shekarun 1940 ya sauya lissafin gaba ɗaya. Aka daina rabon kashi-kashi, En'e ta riƙa biyan gwamnatin yanki wani tsayayyen kuɗi a kan kowane mai biyan haraji, gwamnati kuma tana ba ta tallafi don ilimi da lafiya da 'yan doka. Tallafi ba ya zuwa sai da sharaɗi, sharaɗin kuwa yakan shafi irin mutumin da za a ɗauka da abin da za a biya shi. Ma'aikaci ya amfana, amma ikon ya ƙara matsawa Kaduna. Dokar En'e ta 1954 ta miƙa wa gwamnatin Jihar Arewa wannan iko, ministocin da suka gaje shi kuwa yawancinsu tsofaffin ma'aikatan En'e ne, sun san inda igiyar take. Lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Sardauna da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, ta ƙofar baitulmali aka shiga: aka naɗa David Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, sarki ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Gwamnatin soja ta karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960, ta mayar da ma'aikatansu kan takardar albashinta, sannan gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi a gurbin En'e, sarakuna suka koma majalisun ba da shawara.