Depeche Mode: ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai sunan Faransanci

Depeche Mode ƙungiyar mawaƙa ce da aka kafa a 1980 a garin Basildon, gabas da birnin Landan. Tana cikin waɗanda suka fara gina waƙoƙin zamani kacokan a kan sintetiza, wato na'urar kiɗa mai madannai da ke haɗa sauti da lantarki, maimakon jita da ganga. An aro sunan ne daga wata mujallar kwalliya ta Faransa, Dépêche Mode. Ƙungiyar ta fitar da kundin waƙoƙi 15 na sitidiyo, an kuma ƙiyasta ta sayar da faifai sama da miliyan 100. Sau uku tana rasa ɗaya daga cikin ginshiƙanta, amma ba ta watse ba.

Mafari

Samari huɗu ne suka kafa ta: Vince Clarke, Martin Gore, Andy Fletcher da mai rera waƙa Dave Gahan. Daniel Miller, mai ƙaramin kamfanin faifai na Mute, ya ɗauke su bisa yarjejeniyar baka, ana raba riba biyu. Kundinsu na farko, Speak & Spell, ya fito a watan Oktoban 1981, ɗauke da "Just Can't Get Enough", wadda ta kai mataki na 8 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya.

Kafin ƙarshen shekarar, Clarke, wanda ya rubuta kusan dukkan waƙoƙin, ya fice. Daga baya ya kafa Yazoo, sannan Erasure. Nauyin rubutu ya koma kan Gore, wanda waƙoƙinsa suka fi karkata ga soyayya, addini da zunubi. A 1982 suka ɗauki Alan Wilder, ƙwararren makaɗi, ta hanyar talla a jarida.

Shekarun ɗaukaka

Zuwan Wilder ya sauya sautin. A kundin Construction Time Again na 1983 sun naɗi ƙarar ƙarafa da bututu, suka zuba a na'ura, suka mayar da ita kiɗa. A 1984 "People Are People" ta zama ta ɗaya a Jamus ta Yamma. Bayan Black Celebration na 1986, sun yi aikin Music for the Masses na 1987 a sitidiyon Guillaume Tell da ke wajen Paris. Rangadin wannan kundi ya ƙare ranar 18 ga Yuni 1988 a filin Rose Bowl na Kalifoniya, gaban mutum sama da 60,000. Shi ne wasa na 101 a rangadin, shi ya sa aka sa wa faifai da fim ɗin wasan suna 101.

Violator, na watan Maris 1990, shi ne kundin da ya fi kowane karɓuwa, saboda "Personal Jesus" da "Enjoy the Silence". A nan jita ta samu gurbi kusa da na'urori. Songs of Faith and Devotion na 1993 ya zama na ɗaya a Birtaniya da Amurka.

Rikici da farfaɗowa

Nasarar ta zo da tsada. Bayan doguwar tafiyar wasanni ta fiye da shekara guda, Wilder ya bar ƙungiyar a 1995, yana kukan cewa ba a yaba wa aikinsa. A watan Mayun 1996, a Los Angeles, zuciyar Gahan ta tsaya na kusan minti biyu sakamakon miyagun ƙwayoyi, likitoci suka ceto shi. Ya shiga magani, ya daina. A 1997 mutum ukun da suka rage suka fitar da Ultra, wanda ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya.

Daga nan sai suka riƙa fitar da kundi duk bayan shekara huɗu: Exciter a 2001, Playing the Angel a 2005, inda Gahan ya fara sa waƙoƙin da ya rubuta, Sounds of the Universe a 2009, Delta Machine a 2013 da Spirit a 2017. A 2020 aka shigar da su zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame a Amurka.

Fletcher ya mutu ranar 26 ga Mayu 2022 yana da shekara 60, sakamakon tsagewar babbar jijiyar jini ta zuciya. Gahan da Gore suka kammala Memento Mori, wanda ya fito a Maris 2023. Sunan kundin Latin ne, yana tunatar da mutum cewa mutuwa na nan tafe, kuma sun zaɓe shi tun Fletcher yana raye.

Duk da wannan suna, babu waƙarsu ko ɗaya da ta taɓa zama ta ɗaya a Birtaniya. Iyakarsu mataki na 4.