Kagarar Elmina da Ganuwar Gaya

A shekarar 1482, zamanin da Muhammadu Rumfa yake sarautar Kano, Turawan Fotugal suka gina wata ƙasaitacciyar kagara a Elmina, bakin teku a ƙasar Gana ta yanzu. Neman zinariya ya kawo su, sai suka girke igwogi don tsare cinikinsu. Daga baya ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkukun bayi masu jiran jirgi. Mutanen Holan sun ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingila a 1872.

Kada mu ɗauka labarin bai shafe mu ba. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, kuma sojojin Hausa sun yi wa Ingila yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A wannan kagara aka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 1979. Yanzu baƙi ke biyan kuɗi su shiga, jikokin bayi daga Amurka su tsaya a ƙofar da aka fitar da kakanninsu, su zub da hawaye.

To, mu fa? Tarihin baka ya ce daga Gaya maƙerin nan Kano ya je Dala neman tama, shi ya sa ake kiran zuriyarsa Abagayawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Sarki Dadi (1670-1703). Garin da ya iya ja da birni ba ƙaramin tsaro gare shi ba. Sai dai Elmina da dutse aka gina ta, tamu ganuwar kuwa ta ƙasa ce: damina ta ci rabonta, masu ɗiban ƙasar gini su ci saura.

'Yan uwa marubuta, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mu je wurin dattawan Gaya da Ajingi, mu tambayi sunayen ƙofofi da inda gwalalo ya bi da wanda ya tsare su, mu rubuta. Ranar da aka binne na ƙarshensu, ko mun ga tudun ba za mu san sunansa ba.