Garin Chartres da Sojojin Afirka na 1940

A wannan maƙala muna so mu jawo hankali ga garin Chartres, wanda ke kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da Paris. Galibin masu zuwa su wuni can, babbar majami'arsa suke nufa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1194. A ganinmu, abin da ya auku ranar 17 ga Yuni, 1940, ya fi shafarmu.

A ranar ce Jamusawa suka kawo wa gwamnan lardin, Jean Moulin, wata takarda, wai ya sa hannu. Takardar tana ɗora wa baƙaƙen sojojin Faransa, waɗanda aka ɗebo daga Afirka ta Yamma, laifin kashe mata da yara a ƙauyen La Taye, alhali kuwa bama-baman Jamus ne suka hallaka su. Moulin ya ƙi. Suka lakaɗa masa duka, suka kulle shi. Da dare, don gudun kada azaba ta sa ya amince, sai ya yanki maƙogwaronsa da fasasshen gilashi. Amma da sauran kwanansa, sai a 1943 ya mutu a hannun 'yan Gestapo.