Tarihin Gilaifoset: Wa Ya Ce Ba Ya Cutarwa?

Yau na ɗan ajiye hirar littattafai zuwa tarihin maganin ciyawar nan da ake kira gilaifoset, wanda ko a ƙauyukanmu da damina za ka ga yaro ya goya tankin feshinsa, ba takalmi, ba abin rufe hanci.

A 1970 ne John Franz, masanin sinadarai a kamfanin Monsanto na Amurka, ya gano cewa yana kashe tsiro, a 1974 aka sa shi kasuwa da sunan Roundup. Aikinsa shi ne toshe wata hanyar da tsiro ke bi ya haɗa abin gina jikinsa, hanyar da mutum da dabba ba su da ita. Wannan ce hujjar da aka daɗe ana kafawa cewa ba ya yi mana komai.

To amma abin da ya fi ɗaure mini kai, mai karatu, shi ne wanda ke yin gwajin. Bisa al'ada kamfani ne ke biyan kuɗin binciken hajarsa, sannan ya miƙa wa hukuma ta duba. Ɗaya daga ɗakunan gwajin da suka yi wa Roundup aiki, Industrial Bio-Test, an kama shi da ƙirƙirar sakamako a kan kayayyaki da dama, har kotu ta samu manyan jami'ansa uku da laifi a 1983. A 1985 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce maganin na iya jawo ciwon daji, saboda ƙarin da aka gani a ƙodar ɓeraye. A 1991 ta sauya magana, ta wanke shi.

Rigimar ta dawo a watan Maris na 2015, lokacin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta ce mai yiwuwa yana jawo cutar. A Nuwamba hukumar tsaron abinci ta Tarayyar Turai ta ce da wuya. Ni dai a fahimtata ba tambaya ɗaya suka amsa ba. Ta Liyon ta duba ko abin zai iya jawo cutar, ta kuma tsaya kan binciken da aka buga a fili. Ta Turai ta duba yawan da ke shiga jikin mutum, ta haɗa da binciken kamfanoni da ba a buga ba.

A 2017 takardun cikin gida na Monsanto suka fito a kotu, aka ga alamar ma'aikatansa sun sa hannu a rubuta wani shahararren nazari na shekarar 2000 da ya wanke maganin, ba tare da sunansu ya fito cikin marubuta ba. Sai a ƙarshen 2025 mujallar ta janye shi, bayan shekara 25 ana kafa hujja da shi.

Kamfanin Bayer na Jamus ya sayi Monsanto a 2018 kan dala biliyan 63, ya gaji rigima. A Agustan shekarar kotu a Kalifoniya ta ba Dewayne Johnson, mai kula da filayen makaranta, dala miliyan 289, daga baya aka rage zuwa kimanin miliyan 20. A 2020 Bayer ya ware sama da dala biliyan 10 don sasanta ƙararraki, bai amsa laifi ba. Tarayyar Turai kuwa, da ƙasashenta suka kasa daidaitawa a 2023, sai Hukumar Tarayyar ta sabunta izinin da kanta har zuwa 2033.