Tsadar Shiru: Asalin Hayar Gida a Unguwannin Gefen Kano

Duk wanda ya taɓa bin dillali neman gidan haya a Kano ya san maganar da ake fara yi masa idan aka doshi Nassarawa GRA, ko Bompai, ko wasu sassan Hotoro da Janbulo. Kafin a zo kan yawan ɗakuna ko lafiyar rufi, dillali zai ce unguwar ba hayaniya, ba yara a layi, kowa harkar gabansa yake yi. A kan wannan shirun ake ɗora farashi, har gida mai ɗaki uku ya ninka kuɗin irinsa da ke Kurna ko Brigade. Mutane sun ɗauki hakan tamkar haka Allah ya halicci gari, wato mai hali ya fita gefe ya huta, marar hali ya zauna a cunkoso. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Shirun da ɗan haya yake saye a yau hukuma ce ta ƙera shi, da doka da awo da kuɗin haraji, domin wasu tsirarun mutane. Daga baya ta janye hannunta ta bar shi ya zama haja a kasuwa.

A tsohuwar Kano baƙo ba gefen gari yake nema ba, tsakiyarsa yake nema. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, aka sauke shi a unguwar Dala. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, kuma ya ce a watannin da fatauci ke kankama adadin yakan kai 60,000. Ke nan akwai lokacin da baƙi suke kusan daidai da 'yan gari, kuma dukkansu suna samun makwanci. Wanda ya ɗauki wannan nauyi shi ne fatoma. Falke ya iso da jakuna ko raƙuma, fatomansa ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, a kawo masa tuwo daga cikin gida, a haɗa shi da mai saye, fatoma ya tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi. Ladan fatoma yana fitowa ne daga la'adar ciniki da alherin da baƙo zai yi masa in zai tafi, ɗakin kuwa hanya ce ta riƙe abokin hulɗa. Ba wai ba a san haya ba, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da malaman birni suke karantarwa sun yi bayanin hayar gida da sharuɗɗanta. Sai dai abin da ya fi yawa a aikace shi ne baƙo ya shiga ƙarƙashin wani maigida, ya zama ana tambayar maigidan idan ya yi laifi, ana yi masa jaje idan baƙonsa ya rasu. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda fatauci ya kai su, daga Salaga zuwa zangon Kumasi. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya tarar cinikin shanu da goro gaba ɗaya a hannun irin waɗannan masu gida yake, mutanen da ƙarfinsu yake a yawan ɗakunan da za su iya sauke baƙi a ciki.

Mai musu zai ce ai ko a da manya suna fita bayan ganuwa su sha iska, kuma gaskiya ne. Sarakunan Kano suna da gidaje da gandaye a wurare irin su Fanisau da Dorayi da Nassarawa, kuma a Fanisau matafiyin nan Bature, Clapperton, ya sami Sarki Ibrahim Dabo a 1824. Amma waɗannan wuraren ribaɗi ne da noma da hutun ɗan lokaci, cike da bayi da barori da dawaki, sarki kuma fadarsa tana cikin birni. Attajirai ma haka. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, a cikin birni ya yi zamansa, wajen Ƙoƙi, tsakanin 'yan'uwa da yaran gida da masu zuwa neman taimako. A ma'aunin wancan zamani, girman mutum yana bayyana ne a yawan takalman da ke ƙofar zaurensa. Gidan da ba a jin motsin kowa a ƙofarsa abin tausayi ne, ba wanda zai ƙara kuɗi don ya samu irinsa.

Sabon ma'auni ya shigo ne bayan sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Turawa suka kafa mazauninsu a gabas da ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai, kuma suka zo da wata fahimta da ke tashe a lokacin. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sai wasu likitocin Ingila suka ɗora a kai cewa jinin 'yan ƙasa, musamman yara, shi ne rumbun cutar, don haka kariyar Bature ita ce ya kwana nesa da su. Gwamna Lugard ya rungumi wannan ra'ayi hannu biyu. Aka tsara cewa tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa a bar fili na yadi 440 wanda ba za a yi gini a cikinsa ba, bisa zaton cewa sauro ba zai ƙetare shi ba. Dokar garuruwa ta 1917 ta ba tsarin ƙarfi a faɗin Najeriya, har ta hana Bature kansa zama a wajen keɓaɓɓen yankin. A irin waɗannan filaye da aka hana gini ne aka riƙa yin filin sukuwa da na golf da na folo. Abin da aka fara kira keɓaɓɓen yankin Turawa shi ne daga baya aka sauya wa suna ya koma GRA.

Ana iya kare Turawan da cewa ilimin zamaninsu ke nan, kuma mutum ba ya laifi don ya guje wa cutar da ke kashe 'yan'uwansa. Wannan uzuri yana da rauni ta fuska biyu. Tun a lokacin akwai wanda ya ƙi. William MacGregor, gwamnan Legas a farkon ƙarni na 20, likita ne shi kansa, kuma ya tsaya a kan cewa maganin zazzaɓi shi ne a cike fadamu, a gyara magudanai, a raba kwinin ga kowa, baƙi da farare. An san wannan hanya, aka zaɓi waccan saboda ta fi araha kuma ta dace da yadda masu mulki suke son a gan su. Fuska ta biyu tana bayan kowane gidan Bature. Can ƙarshen fili, bayan bishiyoyin mangwaro, akwai jerin ƙananan ɗakuna inda kuku da boyi da mai kula da doki suke kwana, taku kaɗan daga gadon maigida. Da tsoron sauro ne kaɗai dalili, da ba a gina boskwata ba. Abin da aka nisanta shi ne maƙwabci mai 'yancin kansa, wanda zai yi biki da kiɗa, ya yi baƙi, ya ajiye awaki. Bara kuwa an bar shi kusa domin ana iya ce masa ya yi shiru.

Ya kamata a lura da abin da aka haɗa aka samar da wannan natsuwa, domin a nan darasin yake. Filaye manya ne, gida ɗaya a tsakiyar kowanne, an ja shi baya daga titi. An shimfiɗa hanyoyi masu faɗi da lambatu a gefe, an jera itatuwan maɗaci da darbejiya, an hana kasuwa da sana'a a cikin unguwa, an sa leburori suna sare ciyawa. Duk wannan aikin hukuma ne, kuma harajin talaka da kuɗin gyaɗarsa ne suka riƙe hukumar. Ruwan famfo da lantarkin da aka buɗe a Kano a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka yi su. A ɗaya gefen kuma, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, kuma a irin wannan wuri hayar ɗaki da kuɗin wata ta zama sana'a sosai, iyali guda a ɗaki guda, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Gwamnati ɗaya ce ta auna unguwannin biyu, ta ba wannan sarari ta hana wancan.

Da aka sami mulkin kai a 1960, mazauna GRA suka sauya, tsarin bai sauya ba. Manyan sakatarori da alƙalai da likitoci 'yan ƙasa suka gaji gidajen, ana cire musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga albashi a matsayin haya. Shiru ya zama wani ɓangare na muƙami, yana zuwa da takardar ƙarin girma, yana tafiya ranar ritaya. An yi yunƙurin faɗaɗa shi, kuma adalci ne a faɗi haka. An zana wa Kano tsarin shekara ashirin, na 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion. An gina rukunin gidaje irin su Kundila da Gwammaja domin matsakaitan ma'aikata, gwamnatin Shagari kuma ta yi alkawarin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, ko da yake ba ta kai ko kusa ba, wasu ma an gina su a dajin da ba ruwa ba mota. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji sun sa haya ta yi tashin gwauron zabo a tsakiyar shekarun 1970, har gwamnatin Murtala ta kafa kwamitin duba kuɗin haya a 1976, jihohi suka biyo da dokokin ƙayyade farashi da kotunan haya. Dokokin ba su yi tasiri ba, domin takarda ba ta ƙara yawan gidaje. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, wanda a ƙa'ida zai sauƙaƙa wa hukuma tsara sabbin unguwanni. A aikace sai fili mai takardar shaida ya zama rabon wanda ya san hanyar ofis.

Daga nan hukuma ta fara ja da baya. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin gida kuɗi a cikin albashi, aka sayar da gidajen gwamnati a Abuja, jihohi da dama ma suka sayar da nasu. Filin da a da gida ɗaya ne a kansa aka yanka shi huɗu ko shida, aka sare maɗatai, aka tayar da katanga mai tsawo da waya a samanta. Makarantu masu zaman kansu da otal da wuraren biki suka shiga layukan da aka hana ko mai shayi zama. Boskwatar da aka gina wa kuku ita ce yanzu ake yi wa fenti a ba sabon ango ko ma'aikacin banki haya da tsada, saboda adireshin. Wanda bai samu nan ba sai ya ƙara gaba, Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko Mariri ko Jaba, inda gonaki suka koma filaye, da yawansu awon igiya. A can zai biya kuɗin shekara guda a dunƙule, wani lokaci biyu, ya biya la'adar dillali, sannan ya fara sayen abin da a da hukuma take yi wa mazaunin GRA kyauta. Zai sa hannu a kuɗin burtsatse ko ya jira 'yan garuwa, ya sayi sola ko janareta, ya ba da na 'yan sintiri duk wata, a yi karo-karo a zuba ɓaraguzai a layi kafin damina. Shirun da ya biya kuma na ɗan lokaci ne, domin ya samu ne daga kangwaye da filayen da ba a gina ba tukuna. Bayan shekara biyar an cike su, layin da aka bari bai wuce mota ɗaya ba, ba filin makaranta, ba hanyar ruwa, sai ya sake kiran dillali.

Masu gidaje za su ce kasuwa ce, siminti ya yi tsada, kuma ba wanda aka tilasta wa. Batun tsadar gini gaskiya ne, mai gida ba shi ne abokin faɗa ba. Amma kasuwa tana sa farashi ne a kan abin da ya yi ƙaranci, kuma ƙarancin unguwa mai tsari ba daga sama ya faɗo ba, sakamakon shawarar da aka yanke ne ta a auna wa kaɗan a bar sauran. Har doka ma tana bin tsohon layin. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga hukuncinta. Haka nan ba daidai ba ne a zargi mai neman natsuwa da girman kai ko gudun dangi, ko a ce ya koma zaman zaure irin na kakanni. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki tana da haƙƙin ta yi barci da rana, ɗalibi yana da haƙƙin ya yi karatu ba injin markaɗe a jikin tagarsa. Buƙatar halal ce, kuma abubuwan da ke biyan ta sanannu ne tun 1917, wato titi mai faɗi, lambatu, itatuwa, da raba wurin kwana da wurin sana'a mai ƙara. Ba ɗaya daga cikinsu da ɗan haya ko mai gida zai iya yi shi kaɗai.

Gonakin da ke kewaye da Kano a Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu su ne unguwannin da 'ya'yanmu za su kama haya a cikinsu. Hukumar tsara birni ta jiha da ƙananan hukumomin nan su riga masu igiya isa can, su fitar da titi da hanyar ruwa da filin makaranta da na kasuwa tun ƙasar tana gona, domin bayan an zuba harsashi gyaran sai da rusau.