Barmani Coge da Dandalin Mata: Tarihin Ƴar Wasan da Aka Sani da Mawaƙiya

Gabatarwa

Daga cikin wasannin Faransanci da malami kan gabatar wa ɗalibai a makarantun sakandare akwai na Molière mai suna Le Bourgeois gentilhomme, wanda aka fara nunawa a gaban sarkin Faransa Louis na 14 a shekarar 1670. Wasa ne da aka haɗa magana da waƙa da rawa a cikinsa, Lully ne kuma ya tsara kiɗansa. Idan aka zo bayanin irin wannan wasa, sau da yawa malami yakan rasa misalin da zai kawo daga gida, sai ya koma ga finafinan Kano, ko kuma ya ce Hausawa ba su da irinsa. Alhali kuwa misalin yana nan a cikin gidajen da ɗaliban suka fito, a sashen mata, ranar biki ko ranar suna.

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi rayuwar Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Coge, ta fuskar da ba a cika dubanta ba. Kowa ya yarda mawaƙiya ce. Abin da muke son nunawa shi ne, aikin da ta shafe kusan shekara 40 tana yi wasan kwaikwayo ne mai waƙa da rawa, wanda ke da fagensa da ƴan kallonsa da mutanen da ake kwaikwayo a cikinsa.

Asali da tashi

An haifi Sa'adatu a cikin shekarun 1940 a ƙauyen Gwaigwayi da ke kusa da Funtuwa, a kudancin ƙasar Katsina. Mahaifinta malami ne, saboda haka ba ta gaji kiɗa ba. Wannan abin lura ne, domin a ƙasar Hausa yawancin sana'o'i gado ne: ɗan maƙeri ya taso a maƙera, ɗan makaɗi ya taso da ganga a kafaɗa. An yi mata aure tana da ƙuruciya kamar sauran tsararrakinta, aka kuma yi dace mijin makaɗin garaya ne. A gidan da kiɗa ba abin kunya ba ne, baiwar da take da ita ta samu wurin miƙe ƙafa.

A farkon shekarun 1970 ne sunanta ya fara fita daga Funtuwa. Kiɗan da ta ɗauka shi ne amada, wanda mata ke yi da ƙorai a kife. Masana sun nuna cewa amada ta faro ne a cikin gida, tsakanin mata, da waƙoƙin bege da na addini, kafin ta faɗaɗa ta shiga zancen duniya. Akwai waɗanda suka yi suna da ita, kamar Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, amma a hannun Barmani ne ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Ana kuma danganta laƙabin nan na Coge da wani salon taku da takan yi a fagen rawa. Ke nan tun daga sunanta, jikinta aka fara shaida tare da muryarta.

Amada a matsayin dandali

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa za a kira wannan wasan kwaikwayo? Sai mu duba abubuwan da ke haɗa wasa, mu ga ko akwai wanda ya ɓace.

Na farko, fage. Tsakar gida ce ko zauren biki, mata sun yi da'ira, masu ƙwarya na zaune a gefe guda, an bar fili a tsakiya. Na biyu, ƴan wasa. Akwai jagora, akwai ƴan amshi, kuma aikin ƴan amshi bai tsaya ga maimaita baiti ba, su ne abokan zancenta, da su take jifa da kama. Na uku, mutanen da ake kwaikwayo. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Barmani ya san su: kishiya mai makirci, sakarar mace da kowa ke yi wa wayo, malalaciya mai jiran miji ya kawo komai, mai haihuwa da ke taƙama da ƴaƴanta, mace mai sana'a da ba ta roƙon kuɗin sabulu. Barmani ba ta tsaya ga ba da labarinsu ba. Takan ari bakinsu da tafiyarsu da hararsu, har mata su tuntsire da dariya domin kowace ta gane wata, wani lokaci ma ta gane kanta. Na huɗu, ƴan kallo masu hannu a cikin wasa. Wadda baiti ya sosa mata inda ke mata ƙaiƙayi sai ta miƙe ta shiga fili, ta yi rawa, ta yi liƙi, jagora kuma ta juya waƙar ta bi da ita.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a al'adar Hausawa. Akwai wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Akwai tashe, wanda yara maza da mata ke yi daga goma ga watan azumi, suna kwaikwayon zaman aure da halayen manya cikin waƙa. Akwai wasan kara da aka sani a ƙasar Damagaram, inda matasa kan kwaikwayi masu mulki. A cikin waɗannan duka, raba waƙa da kwaikwayo yana da wuya. Abin da Barmani ta yi shi ne ta mayar da wannan gado sana'ar da mace za ta rayu da ita, ta ci da kanta da mutanenta.

Saƙonta ma ya cancanci a tsaya a kansa. A zamanin da ba a fara tarurrukan ƙungiyoyi kan tattalin arzikin mata ba, ita tana cikin gidaje tana yi wa mata huɗubar neman na kai: a yi ƙuli-ƙuli, a yi fura, a yi kitso, a yi saƙa, kada a zauna hannu rabbana. Ta yi haka ne da barkwanci da habaici, wani lokaci da batsar da ba ta faɗuwa a gaban maza. Da wannan batsa aka fi kama ta da laifi. Sai dai a tuna cewa fagenta na asali na mata ne zalla, inda uwa da goggo da kaka ke koya wa amarya abin da ba a koyarwa a zaure.

Daga Funtuwa zuwa Magarya da Dungas

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba mulki, amma ba ta raba biki ba. Mutumin Magarya yana da dangi a Daura da Ɓaɓura, na Dungas yana cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ta waɗannan hanyoyi ne, da kuma ta Rediyon Kaduna da ake kamawa sarai a nan, muryar Barmani ta iso mana. Da kaset ya yawaita a shekarun 1980, sai ta shiga ɗakunan matan da ba su taɓa ganin Funtuwa ba.

Amma kaset murya kaɗai yake ɗauka. Takun da hararar da murguɗa bakin duk sukan tsaya a fagen da aka yi su. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka san ta da mawaƙiya kawai: akasarin masu saurarenta rabin aikinta ne ya iso gare su.

A daidai wannan zamani, Nijar na gina nata dandalin. Bayan juyin mulkin watan Afrilu na 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, aka kuma riƙa shirya bikin matasa na ƙasa, inda jihohi ke gasar wasan kwaikwayo da waƙa da rawa. Ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna daga Damagaram ta hanyar rediyo da talabijin na ƙasa. Baturiyar Amurka Janet Beik ta wallafa littafi kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar a 1987, Chaïbou Dan Inna kuma ya rubuta nasa da Faransanci kan Yazi Dogo. Ƴan matan da suka hau dandalin samariya a garuruwanmu ba daga sama suka koyi juya murya da taku ba, daga tashe da gaɗa da fagen biki suka zo da su. Da samariya ta dushe bayan rasuwar Kountché a 1987 da sauye-sauyen da suka kai ga taron ƙasa na 1991, sunayen akasarinsu suka dushe tare da ita.

Abin da fitowa fili ke jawowa

Al'umma takan so wasa, ta kuma ƙi mai yin sa. Wannan hali bai tsaya ga Hausawa ba. Da Molière ya mutu a 1673, da dare aka binne shi, domin coci ba ta ɗauki sana'arsa a bakin mutunci ba. Da shahararriyar ƴar wasa Adrienne Lecouvreur ta mutu a birnin Paris a 1730, an hana ta jana'izar addini ɗungurungum.

A nan gida muna da misalin Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947. Ta fito a fim ɗin Oumarou Ganda mai suna Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, ta kwaikwayi kishiyar da kishi ya kai ta ga kisan kai. Mutane da yawa suka kasa raba ta da matar da ta kwaikwaya, ta sha zagi da tsangwama. Rahmatou Keïta ta ba da tarihinta a wani fim da ya fito a 2004, ita kuwa ta rasu a 2021.

A lura da kyau: kishiyar da Barmani ta kwaikwaya a tsakar gida ita ce Zalika ta kwaikwaya a majigi. Ɗaya ta samu liƙi, ɗaya ta samu zagi. Bambancin yana ga fage. Matan da ke kewaye da Barmani sun san dokar wasan, domin nasu ne, sun san cewa mai kwaikwayon kishiya ba ita ce kishiyar ba. Majigi kuwa baƙon fage ne, maza da mata ke kallo, ba a kuma riga an saba da dokarsa ba. Ita ma Barmani, da aikinta ya fita daga tsakar gida ya shiga kaset da talabijin da manyan tarurruka, ba ta tsira daga masu ganin ta wuce gona da iri ba. Abin da ya tsare ta shi ne matan da suka tsaya mata, suna gayyatar ta bukukuwansu har ƙarshen rayuwarta.

Bayan ƙwarya, fiyano

A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Kafin shekara goma, waƙa da rawa irin na finafinan Indiya sun zama gishirin wannan sana'a, musamman bayan fitowar Sangaya. Fiyano ya maye gurbin ƙwarya, aka kuma raba aikin da Barmani ke yi ita kaɗai gida uku: wani ya rubuta waƙa, wata ta rera a ɗakin ɗaukar murya, wata kuma ta motsa baki ta yi rawa a gaban kyamara. Fati Nijar, ƴar Maraɗi, tana cikin waɗanda suka yi suna da rera irin waɗannan waƙoƙi. Da aka kafa hukumar tace finafinai ta jihar Kano a 2001, rawar mace da shigarta suna cikin abubuwan da aka fi sa wa ido. Tsohuwar muhawarar ce ta dawo a sabon fage.

Barmani ta ga wannan zamani duka, ba ta kuwa ajiye ƙwarya ba. Ta rasu a farkon watan Maris na 2013, bayan ta yi fama da rashin lafiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin masanan da suka yi rubutu a kanta, suka nuna matsayinta a tarihin fasahar matan Hausawa.

Kammalawa

Barmani ta yi sa'a, domin an ɗauki muryarta, an ɗauki hotonta, masana sun rubuta sunanta. A Magarya da Dungas da Bande da Waca da Sasumburum akwai zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya da tsofaffin ƴan wasan samariya da ba wanda ya ɗauki ko ɗaya daga cikin ukun nan nasu. Kowace ta kwanta dama, da wasanninta take tafiya.

Aikin da ke gabanmu bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar raya al'adu da ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto tana iya zuwa wurin waɗannan mata, da izininsu da na iyalansu, ta ɗauki wasan da hotonsa, domin mun ga abin da kaset ya zubar. Ya fi dacewa mata su yi wannan ɗauka, tunda fagen nasu ne, akwai kuma abin da ba za a yi a gaban namiji ba. A rubuta sunan mai wasa da garinsu da wadda ta koya mata da shekarar da ta fara. Malamin Hausa kuma yana iya tura ɗalibansa su tambayi kakanninsu mata yadda ake tsara fagen amada, su kawo a rubuce. Ranar da aka zo darasin Molière, sai a ajiye wasannin biyu gefe da gefe, ɗalibai su faɗi inda suka yi kama da inda suka saɓa.