Abin Da Ya Sa Tsohuwar Kwamfuta Ke Ƙin Sabon Katin Hoto



Da yawa daga cikinmu da tsohuwar kwamfutar tebur muke aiki, irin Dell OptiPlex ko HP ɗin nan da ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu, aka lodo su a kwantena zuwa Legas, suka biyo ta Alaba da Ikeja har suka iso titin Beirut a Kano. Ga mai buga labari ba su da laifi. Rigima tana farawa ne ranar da mutum ya ce zai haɗa bangon littafinsa da kansa, ko zai tace bidiyon karatun labarinsa don YouTube. Sai a ba shi shawarar ya sayo katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik. Ya sayo, ya soka, ya kunna: fanka na juyawa, allo kuwa baƙi wuluk. Kuɗi sun tafi, mai shago kuma ya rantse ya gwada katin kafin ya sayar. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Katin lafiyarsa lau, kwamfutar ma haka. Zamaninsu ne ba ɗaya ba, kuma kowace gardama da ke tsakaninsu tana da shekarar da aka haife ta.

Tun kwamfutar da IBM ya fitar a 1981, abin da ke zana hoto a allo kati ne daban da ake sokawa a rami a jikin madabod. Wannan tsarin ne ya ba mutane damar canja kati ba tare da canja kwamfuta ba, shi ne kuma tushen duk wahalar, domin ramin bai tsaya iri ɗaya ba. An fara da ISA, sai PCI a farkon shekarun 1990. Da wasannin kwamfuta masu hoto mai zurfi suka kunno kai, musamman bayan katin Voodoo na kamfanin 3dfx a 1996, sai Intel ya ƙirƙiro rami na katin hoto shi kaɗai a 1997, ya sa masa suna AGP.

A AGP ne aka ga ta'asa. Na farkonsa yana aiki da bolt 3.3, na biyu ya sauko 1.5, na uku 0.8. Don kada a yi kuskure, sai aka riƙa yanka ɗan tsagi a bakin katin yadda ba zai shiga ramin da ba nasa ba. Wasu kamfanoni suka yanka tsagin ba daidai ba, katin bolt 3.3 ya riƙa shiga ramin 1.5 salin-alin, ana kunnawa madabod ta ƙone. Tsofaffin masu gyara da ke cewa kada ka yarda da kati don kawai ya shiga, daga nan suka samo maganar.

A 2004 PCI Express ya shigo kasuwa ya kashe wannan wutar. An sabunta shi sau da dama, amma siffar ramin tana nan, sabon kati kuma yana iya rage gudu ya bi tsohon rami. Kenan in kwamfutarka ta bayan shekarun nan ce, da wuya rami ya zama matsalarka. Matsalar ta koma wajen wuta, kuma a ganina nan ne aka fi yin asara.

Dogon ramin PCI Express wat 75 kawai aka tsara ya bayar. Katunan kuwa tun daga GeForce 256 na Nvidia a 1999 kullum ƙara ci suke yi, har aka ƙaro musu waya kai tsaye daga akwatin wuta, wato fawa-fak: mai baki shida tana ƙara wat 75, mai baki takwas 150. To kwamfutocin da ke zuwa mana ba don wasa ko tace bidiyo aka ƙera su ba, don akawu ne da sakatare. 'Yar siririyar OptiPlex akwatin wutarta bai wuce wat 240 zuwa 255 ba, ba shi da waccan ƙarin wayar, a wasu ma za ka ga an rubuta a gefen ramin cewa abin da zai bayar bai kai 75 ba. Ka ce bari ka canja akwatin wutar, sai ka tarar a irin su 7020 da 9020 Dell ya yi wa madabod ɗin bakin waya nasa na kansa, na kasuwa ba ya shiga sai da mahaɗi. Alamar ƙarancin wuta ba ta ɓuya: kwamfuta ta tashi lafiya, kana fara aiki mai nauyi ta mutu. Mu kuma nan take sai mu ɗora wa NEPA ko janareta. Shi ya sa GTX 750 Ti na 2014 da GTX 1050 Ti na 2016 suka yi farin jini a wajen masu tsofaffin kwamfutoci, don wutar rami ta ishe su, akwai kuma gajerunsu da ke shiga siririn akwati.

Sai baƙin allo, wanda ya fi ruɗa mutane. Kafin Windows ta tashi, akwai 'yar manhajar da ke zaune a madabod tana tada kayan ciki, ita ce BIOS, tun zamanin IBM. Magajiyarta UEFI ta zama dole ga sababbin kwamfutoci masu tambarin Windows 8 a 2012. Na wasu shekaru katuna suna zuwa da harshe biyu, na tsohuwa da na sabuwa. Daga baya wasu suka daina kula da tsohon harshen. In ka haɗa irin wannan kati da madabod ta 2009, ko gaisawa ba za su yi ba. Wani lokaci sabunta BIOS daga shafin kamfanin yana warware ta, wani lokaci kuma sai dai a nemi katin da ya girmi wannan.

Kafin a kai ga zargin BIOS dai, a duba waya. In aka sa kati, yawancin madabod suna kashe nasu bakin hoton, don haka wayar monita dole ta koma jikin katin. Ita kanta wayar tana da nata tarihin. Shuɗin bakin nan mai ƙusoshi 15, VGA, IBM ne ya kawo shi a 1987, kuma har yau shi ne a jikin yawancin monitocin da ke shagunan buga takardu. A 2010 Intel da AMD suka sanar za su yi ban kwana da shi nan da 2015. Katunan Nvidia na jerin GTX 10 da suka fito a 2016 sun daina fitar da irin siginar da VGA ke ganewa. Ɗan farin mahaɗin nan na DVI zuwa VGA da ke aiki a tsofaffin katuna ba zai yi komai a jikinsu ba, ko da ya shiga. Wanda ake bukata shi ne mai ɗan inji a ciki da ke juya siginar, irin na HDMI zuwa VGA, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na katin ba.